Maɓallin da Ya Shige Bayan Hoton Shugaba

Dakata, Lurwanu. Kafin ka sake cewa wayoyin mutane ne ba su da kyau, ba shafin da ka haɗa ba, ji wannan.

Wata ƙungiyar manoman shinkafa ce ta ba wani mai haɗa shafukan intanet aikin shafin rajistar taki. Gwani ne, ba na rage masa, sai dai irin gwanin nan da ba a ce masa ga kuskure. Ya kafa ƙaton hoton shugaban ƙungiya a sama, ya jera guraben suna da lambar waya da girman gona, ya sa koren maɓallin "Aika" a gefen dama. A kwamfutarsa komai ya zauna daram. Ranar ƙarshe, wadda ƙarfe huɗu za a rufe rajista, tun hantsi wayarsa ta fara ruri: manoma sun cike komai, amma ba su ga inda za su danna ba. Ya duba kwamfutarsa, ga maɓalli nan kore shar. Ya ce su sabunta burauza, wato manhajar buɗe shafi. Aka sake kira, ya ce sabis ne. A kira na uku ya ce mutanen karkara ba su iya waya ba. Wannan maganar har yau tana ba ni haushi.

Bayan azahar sai ga sakataren ƙungiyar a kan babur, ya yi sharkaf da gumi. Bai tsaya musu ba, ya ajiye wayarsa mai tsagaggen gilashi a kan tebur ya ce, "Malam, danna mini da hannunka." Gwani ya ja sama, ya ja ƙasa, babu maɓalli. Ƙaramar burauzar nan ce mai tsimin data, wadda kusan kowane manomi da ita yake aiki, shi kuwa bai taɓa buɗe shafinsa a cikinta ba. Ashe da awon allon kwamfutarsa ya ɗaure faɗin shafin, da wurin ya ƙuntata a allon waya sai maɓallin ya zame ya shige bayan hoton shugaba. Gwani ya gyara nan, can ya karkace. Ya taɓa can, gurbin lambar waya ya hau kan na suna. Sakatare na tsaye a kansa yana duban agogo. Sai uku da rabi maɓallin ya fito, kuma layi biyu kacal ya canza a rubutun ginin shafin, waɗanda shi ya rubuta da hannunsa. Aka shiga kiran mutane, waɗanda aka samu suka aika. Amma da yawa sun gaji tun safe sun koma fadama, inda waya ba ta shiga. Daminar nan shinkafarsu ba ta ga taki ba.

To, tashi ka aro wayar mai shayin bakin titi ka buɗe shafinka a ciki, sannan ka dawo mu yi magana. Hausawa sun ce, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.