Wayar da Na Sayar wa Rhoda

"Baba, ka tabbata wayar sarrafa fitilu ce?" Rhoda mai haskaka wuraren biki ta tambaye ni a shagona na Jimeta.

Na rantse mata. Alhali ta makirufo ce. Bakinsu iri ɗaya, sai an ja ta da nisa take rikita fitila. Na ce a raina, can ta matse musu.

Ranar Asabar, amarya na hawa dandamali fitilu suka haukace, ja, kore, sai duhu. Amarya ta fashe da kuka. Dangin ango suka jawo mai fitilu ta ba uban amarya haƙuri.

Rhoda ta durƙusa a gabana, ni uban amarya. "Baba, laifina ne..."

Sai ta ɗago kai, muka haɗa ido.

Har yau ba ta faɗa wa kowa ba. Ni ma haka.