Wanda Ya Ceto Madame Zou

Kwalekwalen bai yi nisa da gaɓa ba ya kife, Rachidou ya tafi ƙasa da baki buɗe.

Ruwan gishiri ya shiga masa ta hanci. Ya yi ta dukan ruwa da hannu bibbiyu yana ƙwala wa uwarsa kira, har sai da wani hannu ya damƙi wuyan rigar ceton da ke jikinsa ya ɗago shi. Madame Zou ce, jagorar tafiyar. Ta ce masa da Faransanci ya miƙe tsaye kawai. Ya miƙe. Ruwan iya ƙirjinsa ne.

Sauran 'yan tafiyar, waɗanda ba su kai goma ba, suka kau da kai suna kallon duwatsun Cassis kamar yau aka dasa su.

Tun farko ba shi ya nemi wannan yawo ba. Kausar ce, yarinyar da yake nema, ta yi masa kyautarsa. Ya taɓa cika mata baki cewa a bakin kogin Yamai ya girma, ruwa gidansa ne. Gaskiyar kuwa ɗan Tawa ne, daga kan gada ya san kogin. Ta ce ya je ya huta kafin Lahadi ta sama, ranar da zai hau Paris ya gaida danginta a Sevran. Ubanta ya rasu, magana tana hannun uwar, wadda Rachidou bai taɓa gani ba. Duk sanda ya tambaya, sai Kausar ta ce Mama ta yi tafiya. Ya ɗauka irin hajiyoyin nan ce masu safarar atamfa da turare tsakanin Maraɗi da kasuwar Château Rouge ta Paris.

A tashar jirgin ƙasa ta Lyon ya tarar da ayarin, sun taso daga Paris. Ya ƙare musu kallo, bai ga mai kama da ɗan gida ba. Jagorar ta ba hamsin baya, da hular rana a kan ɗankwali, da baƙin tabarau, Faransancinta na 'yan Paris sak. A jirgi ta zauna da wasu mata da miji 'yan Martinique suna ta raha, sai ya lissafa ta cikinsu.

Bayan ya bushe, aka kai su wani ɗan gidan abinci a bakin tashar masunta. Miyar kifi ce ta mutanen Marseille. Kafin ya buɗe baki, Madame Zou ta ce masa ya ci da kwanciyar rai, babu giya a ciki. Kunya ta buɗe masa ciki. Ya ci, ya ƙara, ya suɗe kwanon da burodi.

Yana cikin haka Bukari ya kira, abokinsa da suke ɗaki ɗaya a Vaulx-en-Velin, gefen Lyon. Rachidou ya ɗaga a nan kan tebur, ya saki Hausa.

"Yau na yi aikin lada, Bukari. Tsohuwar da ke jagoranmu ce ta faɗa ruwa, wajen zurfi. Ni na nutsa na hiddo ta. Ga ta nan gabana, ko godiya ta kasa."

Bukari ya yi salati, sannan ya tambaye shi shirin Lahadi.

"Sevran? Ba wuya. Na san irinsu. Ka durƙusa, ka sadda kai, in an kawo abinci ka ce ka ƙoshi. Kahin la'asar na gama da ita."

Madame Zou ta miƙo masa kwandon burodi. "Encore, monsieur?"

Ya ɗauki biyu.

Washegari aka hau duwatsun da ke bin gaɓa. Rachidou ya koma can baya don kada su haɗa ido da kowa. Wani tsohon Bafaranshe gwiwa ta hana shi sakat, Rachidou ya karɓi jakarsa, ya riƙe shi har tudu. Da azahar ta yi, jagorar ta ce a huta, ya samu ya kewaya bayan dutse ya yi salla. Ba ta tashi ayarin ba sai da ya dawo.

Da suka iso Lyon ya sauka ba tare da ya yi mata sallama ba. Abin da ya sanyaya masa rai shi ne ba za su sake haɗuwa ba. Kausar ta tambaye shi yaya teku, ya ce lafiya lau.

Ranar Lahadi ya sa babbar riga, Bukari ya raka shi har unguwar Les Beaudottes a Sevran. Falon cike da kawunnan Kausar, Alhaji Mamadu a tsakiya. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Bukari, don ya ɗaga darajar abokinsa, ya gyara zama ya kwashe labarin teku ya ba su, har da ƙarin igiyar ruwa mai tsawon bene. Kawunnai suka yi ta masha Allah. Alhaji Mamadu ya ce irin wannan ake ba 'ya. Gumi ya jiƙa wa Rachidou hula. Ya so ya ce ba haka aka yi ba, amma magana ta riga ta yi nisa.

Aka kawo shinkafa da kaji. Ya ce ya ƙoshi.

Sai aka ce ga Hajiya nan. Ya zame daga kujera ya durƙusa, idonsa a kan darduma, ya fara jero gaisuwa. Muryar da ta amsa ya san ta, sai dai bai taɓa jin ta da Hausa ba.

"Ci abincinka, ɗana, na san cikinka," in ji Madame Zou. "In ka gama ka ƙarasa musu yadda ka hiddo ni."