Wasiƙar Injiniyan Zariya

Ramin da Inuwa ya haƙa don shiga ƙarƙashin mota ya cika da ruwa tun kafin marka ta kankama. Kwaɗi suka tare a ciki. Sai ya ce to, motar za a ɗaga sama, yadda ya ga ana yi a wani gareji a Kaduna.

Tsohuwar akori-kura ce, ya saye ta shekara biyu bayan samun mulkin kai, yana jigilar mazarƙwaila daga Gazara zuwa kasuwar Makarfi. Takan yi tafiya kwana biyu, ta kwanta kwana uku. In ta kwanta kuwa shi ne a ƙarƙashinta, sifana a hannu, wuya daidai saitin ƙarfe.

Ƙarfen Turawa dai ba shi da shi. Yana da azara, yana da sarƙar ɗaga kaya mai ƙugiya. Saura ginshiƙai nawa za a kafa. In biyu ne, a tallafo motar ta ciki, tayoyi na reto, hannu ya kai ko'ina, ƙofar gida ba ta toshe ba. In huɗu ne, ta hau katako ta zauna da ƙafafunta, amma an cinye rabin fili.

Biyu Inuwa yake so. Ya yi elementare har aji huɗu, kuma biyun ya fi kama da na Kaduna.

Kakarsa Indo, wadda ta raine shi tun yana maraya, ta fito da sandarta ta tarar ana haƙa gindin katanga ta gabas. Daddawa take sayarwa, ba ta taɓa riƙe alƙalami ba.

"Mai gidana, wurin nan da kake haƙa..."

"Uwargida, wannan ba rumbu ba ne. Ki tsaya kan daddawarki."

Ta dube shi, ta dubi ramin, ta koma ciki.

Ya kafa biyun. Da ya ji 'yan majalisar gindin tsamiya na dariya, sai ya ce zai rufe bakin kowa da hujja. Ya rubuta wasiƙa zuwa ga injiniyan babban gareji a Zariya, ya ba Malam Sada, akawun fuloti, wurin awon auduga, mai zuwa birni duk Juma'a a kan keke. Sada ɗan gida ne, nonon Indo ya sha da uwarsa ta rasu.

Makon nan rafi ya kawo, ko shanun Fulani ba su ƙetare ba. Duk da haka ran Lahadi amsa ta iso, bugun tafireta, a ninke tsaf. Takardar na ɗan warin daddawa, amma a gidan nan ko hular Inuwa warin da take yi ke nan.

Ya karanta wa majalisa da ƙarfi. Injiniya ya ce ginshiƙi biyu sai a kan daɓen siminti mai kauri. Gindin katangar gabas kuwa cike ne, tsohuwar rijiya ce aka binne, ruwa na shiga ƙasar za ta zauna. In yana musu, kada ya shiga da kansa: ya rataya buhun dawa goma sha biyar kwana uku, ya ajiye turmi daidai inda zai sa kai. Wasiƙar ta ƙare da cewa kada ya zama sakarai.

Inuwa bai ji haushi ba, ya ce manyan ma'aikata haka suke magana. Abin da ya ɗaure masa kai rijiyar ce. Shi da aka haifa a gidan bai san da ita ba, ga mutum a Zariya ya gano ta daga zanen takarda.

Ya rataya dawa, ya ari turmin Indo. Rana ta uku aka yi ruwa da hantsi. Ginshiƙin gabas ya nutse taƙi guda, ya karkace, azara ta zame. Da aka janye buhuna, turmin ya rabe biyu kamar an sara shi da gatari.

Inuwa ya daɗe tsaye yana shafa ƙeya.

Sauran wasiƙar ya bi ta harafi da harafi. Ginshiƙi huɗu na ƙirya, a kan tudu. A babbake gindinsu da wuta saboda gara, a sa faffaɗan dutse ƙarƙashin kowanne, a zuba toka kafin a cike. Wani tsoho ya ce ai haka ake kafa rumbu, Inuwa ya ce masa kama ce kawai. Mota ta hau, ta zauna daram, ya shiga ya fito da wuyansa lafiya.

Ya leƙa ɗakin Indo yana goge baƙin mai.

"Uwargida, kin ga aikin ilimi? Da ta taki na bi, da yanzu ana zaman makoki."

"Ni me na ce ma?"

"To, ai shi ke nan."

"Turmina dai za ka biya ni da sabo."

Ya saro mata sabo. Sannan ya kama zabi biyu masu ƙiba, ya ɗaure ƙafafunsu, ya ce Malam Sada ya kai wa injiniya tukuici, hannu da hannu, ya kuma gaya masa akwai jahilai a Gazara amma ba duka ba.

Sada ya rataya su a kan keke, ya bi hanyar Makarfi har Inuwa ya daina hango shi. Sai ya kewayo ta bayan gari, ya shiga gidan su Inuwa ta ƙofar baya, ya durƙusa ya isar da saƙo yadda aka ba shi.

Injiniya ta ajiye ƙwaryar daddawa, ta taɓa ƙirjin zabin, ta ce a yanka namijin, macen a bar mata ta yi ƙwai.