Ɗigon Mai a Ƙarƙashin Babur ɗin Wanzami

An yi wani wanzami a can wajen Gwaram, ko kuwa Birnin Kudu ne, Allah shi ya sani, amma dai gari ne mai gangara zuwa rafi. Yana da wani jan babur da ya saya tun yana da baƙin gemu, irin na da ɗin nan masu nauyi, waɗanda in an tayar da su sai kajin unguwa su watse. A kansa ya zaga ƙauyuka yana askin suna da ƙaho da cire beli, zabirarsa rataye a kafaɗa. A kansa ya kai matarsa asibiti haihuwar fari, a kansa kuma ya bi gawarta zuwa maƙabartar garinsu. Mutanen ƙauye sun san ƙarar babur ɗin kamar yadda suka san muryar ladaninsu, mata kan ɗora ruwan zafi tun kafin ya ɓullo. Da tsufa ya kama su, shi da babur ɗin, sai babban ɗansa ya fara maganar a ajiye hawa. Tsohon ya ƙi. Aka yi ta ja, har suka tsaya a kan cewa zai ci gaba da hawa muddin babur yana lafiya, amma ranar da ya kayar da shi, makulli ya koma hannun ɗan.

Wata safiya tsohon ya fito da babur ɗin daga zaure, sai ya ga ɗigon mai a ƙasa, daidai inda tayar gaba ta kwana. Ɗigo ne da bai kai ƙwayar gero biyu ba. Ya duƙa ya shafa faifan birki, ya ji santsi a yatsa, ya gane man birki ne ke tsatsa. Bakaniken garin yana nan bakin kasuwa, tafiyar shan ruwa, sai dai abokin ɗansa ne tun na wasan ƙasa, abin da ya shiga kunnensa da hantsi ya isa gida kafin azahar. Sai wanzami ya sa ƙafa ya ja ƙasa ya rufe ɗigon. Ya sayo man birki a wani gari inda ba a san shi sosai ba, ya ɓoye cikin zabira tare da asake, kullum kafin ya fita ya buɗe ɗan akwatin da ke kan hannun dama ya ƙara. A ransa yana cewa ai abin da ke fita kaɗan ne, abin da yake zubawa ya fi shi. Birkin baya kuwa ya daɗe da zama na ado. Hannun birkin gaban ya riƙa laushi a hankali, yau a matsa shi rabi ya kama, gobe sai an kai shi kusa da ƙarshe, shi kuma yatsunsa suka saba da hakan har ya daina lura. Ranar wani suna a hayin rafi, da damina, ya hau kan gangara, ga shanu suna tsallake hanya a ƙasa. Ya matsa birki, hannun ya tafi salin alin ya manne da robar mariƙin babur, kamar an matsa ɓawon ayaba. Ya kauce wa shanun, babur ya bi ta cikin gonar rake ya kwanta da shi a taɓo. Allah ya kiyaye, ƙashi bai karye ba, sai gwiwa da ta goge da rawani da ya yi baƙi. Masu rake suka ɗaga shi suna yi masa sannu, ɗayansu yana cewa yau Baba wanzami ya zo yi wa rake aski.

Aka tura babur zuwa wurin bakaniken nan da ya guje wa. Tsohon yana zaune a benci yana kallo, aka kwance abin da ke damƙe faifan, aka zaro fistin, ɗan ƙarfen da ke tura takalman birki, aka ciro wata 'yar roba mai kamar zobe wadda ta bushe ta tsage a gefe guda. Bakanike ya wanke wurin, ya sa sabuwa, ya canza takalman birkin da mai ya jiƙa, ya zuba sabon mai yana matsawa yana saki har iska ta gama fita. Kafin a kira la'asar birki ya kama gam, yadda yake a shekarar da aka saye shi. Ya ɗora tsohuwar robar a tafin hannun wanzami ya ce, “Baba, wannan ce fa kawai. Da ka kawo shi tun farko, ko zama ba za ka yi ba.” Ɗan wanzamin yana tsaye a gefe, bai ma miƙa hannu ba. Tsohon da kansa ya zare makulli ya ba shi, ya rataya zabirarsa, ya kama hanyar gida da ƙafa, yana ɗingishi, yana jin an tayar da babur ɗin a bayansa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.