Ɗigon Bayan Wankan Tsarki

Tunda kin ce ɗan ɗigo ne kawai, gyara zama ki ji wani misali. An yi wata maginiyar tukwane a wani gari na bakin fadama, mace mai hannu, wadda ba ta kai randa kasuwa sai ta cika ta da ruwa ta girke a kan busasshen yashi ta ga halinta. Ta san sabuwar randa sai ta yi tsattsafo, jikinta ya yi raɓa ko'ina, kuma wannan ne ma ke sanyaya ruwa. Amma in yashi ya riƙa jiƙewa ta wuri ɗaya, to tsaga ce, komai kyan zanen da ke wuyanta. Ita ma jikinta ta san shi haka. Tun tana budurwa, in ta gama haila takan ga ɗan baƙi-baƙi na ragowar tsohon jini, ya ɗauke, ta yi wanka ta koma sallarta. Sai wata shekara abin ya canza. Ta yi wanka, tsarki ya tabbata, can sai ga ɗigo ja a zani. Wata ya zagayo, ya sake. Har in maigidanta ya kusance ta sai ta gani. Ta kai kukanta ga matan gidan, don tana da 'ya'ya ƙanana, kuma yayarta da irin wannan ta fara kafin ciwo ya ci ta. Suka ce, "Haba Yaya, wace mace ce ba ta gani? Jinin ciwo ne, ki tambayi malama hukuncin sallarki, shi ke nan." Mu kenan: in an ga jini, tambayarmu ɗaya, a yi sallah ko kada a yi. Ta je, malama ta warware mata hukuncin tsaf, ta dawo da sallarta a gyare. Ɗigon kuwa bai ji fatawa ba, yana nan.

Ga inda matar nan ta burge ni. Ta ce a ranta, an kira shi jinin ciwo, to wa ya duba ciwon? Ta wanke laka daga hannunta, ta haɗiye kunya, ta tafi asibiti, ta faɗi komai ba ta rage ba. Ma'aikaciyar jinya ta kwantar mata da hankali, ta ce sau da yawa ba abin tsoro ba ne: ragowar haila na sa shi, fitar ƙwai a tsakiyar wata na sa shi, allura ko ƙwayar tazarar haihuwa na sa shi, har shigar ciki. Amma wanda ke maimaituwa wata bayan wata, ko ya biyo bayan saduwa, ko ya zo da ciwon mara, wari, zazzaɓi ko jiri, ko ya zo wa mai zaton ciki, ko wadda haila ta ɗauke mata gaba ɗaya, wannan ba a zama da shi. Aka duba ta, aka tarar da miki a bakin mahaifa, irin wanda in an bar shi yake rikiɗa ya zama ciwon daji. Da yake da wuri ne, aka yi mata aiki, ta warke sumul. Ta aurar da 'ya'yanta, ta goya jikoki, har tsufa tana ƙwanƙwasa randa tana sauraron amonta. Matan gidan ba mugunta suka yi mata ba, abin da suka saba gani a jikinsu suka faɗa. Ita ce ta san nata ya sauya, ta kuma ƙi bari a rufe mata baki. Dama Hausawa sun ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.