Lambu a Saman Bene

"Yau sai na gano baƙauyen da ke cikin gidan ga!" in ji Alhaji Badaru, yana hawa matakala, mu kuma muna biye.

Tsohon benenmu na Konni sassa shida ne, kowa da nasa, rufi kuwa na kowa da kowa. Alhaji ne a hawan ƙarshe, shi ne kuma shugabanmu, don ya fi kowa murya. Tun rani ruwa ke ɗiga a falonsa, alhali sama ba ko gajimare.

Muna isa saman rufi sai ga lambu kore shar. An shimfiɗa ƙasa bisa siminti, ga salati, ga tumatir, ga albasa, ko'ina jiƙe sharkaf.

"Kun gani? Wani ya ɗauka nan fadama ce! Wanda bai iya zaman birni ba, ya tattara ya koma ƙauyen ubansa!"

Ya naɗe hannun riga ya hau tugewa. Halilu na hawan ƙasa ya buɗe baki zai yi magana, matarsa ta take masa ƙafa. Muka bar shugaba da aikinsa. Ko ganye ɗaya bai bari ba.

Yana cikin haki sai ga Hajiya Karima, matarsa, ta hawo da bokiti cike da ruwa. Ta dubi lambun, ta dubi mijinta, ta aje bokitin.

"Sannu da aiki, Alhaji. Salatin da kake yabo kullum, daga ina ka zaci yake hitowa? Bari in je in tattara. Motar Tajaye, ƙauyen ubana, da azahar take tashi."