Ƙarfe Mai Harufa Biyu

Nunziata na gasa biskit ɗin ferratelle a ƙarfen marigayi mijinta, surukarta Concetta, uwar marigayin, na zaune a gefe, sai ga Ettore maƙeri da sabon ƙarfen gashi. Nunziata ta buɗe, ta ga harafin farkon sunanta manne da nasa. To, a ƙauyensu, wadda ta gasa a ƙarfen namiji ta amince da aurensa ke nan.

"Biskit na ƙonewa, 'yata," in ji tsohuwar, ko kallon Ettore ba ta yi ba.

Nunziata ta rufe sabon ƙarfen. "Mama, ni dai..."

Tsohuwar ta sauke ƙarfen ɗanta daga wuta, ta daɗe tana kallonsa.

"Shekara bakwai da rasuwarsa, ya isa. Ɗora nasa, mu ga ko ya iya ƙira."